Ina Labarin 1984 Ya Ƙare?

Idan aka ce wa ɗalibi ya taƙaita littafin George Orwell mai suna 1984, amsar da za a samu kusan iri ɗaya ce a kowane aji. Wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Winston Smith, wanda aikinsa shi ne sake rubuta tsofaffin jaridu domin su dace da abin da jam'iyya mai mulki ke faɗa a yau, ya fara ƙin gwamnati a zuci. Ya ƙulla soyayya da Julia a ɓoye, aka kama su, aka gana masa azaba har ya sallama ta, daga ƙarshe ya koma yana ƙaunar Big Brother, shugaban da ya tsana. Ɗalibi ya ajiye alƙalami, malami ya ba da maki. Babu ƙarya a cikin wannan taƙaitawa. Illarta ita ce ta tsaya inda Winston ya tsaya, alhali littafin bai tsaya nan ba. Bayan babin ƙarshe akwai rataye a kan ƙa'idojin harshen da jam'iyyar ta ƙirƙira, kuma masu karatu da yawa sukan tsallake shi kamar yadda ake tsallake jerin kalmomi a bayan littafin makaranta.

Tsallake wannan rataye daidai yake da rufe littafi kafin a kai ƙarshensa. A irin wannan ƙagaggen labari, wanda ake kira distofiya, wato labarin mugun zamani da marubuci ya hango, abubuwa uku ne ke yanke hukuncin abin da ya faru: ta idon wa aka ga labarin, a ina aka katse shi, kuma daga wane lokaci ake ba da shi. Duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu, mai taƙaitawa ne ko mai fassara, ya taɓa ƙarshen labarin ko bai yi niyya ba.

Abin da ya sa tambayar ta fi nauyi a distofiya

Masu nazarin adabi sun daɗe da raba abin da ya faru da yadda aka jera shi. Masanan Rasha na farkon ƙarni na 20 sun kira na farko fabula, na biyu siyuzhet. Gérard Genette, a littafinsa Figures III na 1972, ya ƙara mataki na uku, wato aikin ba da labarin kansa: wa ke magana, yaushe, ga wa. A manazartar Hausa an saba da jigo, da zubi da tsari, da salo, kuma sau da yawa akan ɗauki jigo a matsayin ainihin kaya, zubi da tsari kuwa buhun da aka zuba shi a ciki.

Wannan rabo yana iya wucewa a labarin soyayya ko na jarunta, domin ba wanda zai tambayi yadda aka yi labarin ya iso hannun mai karatu. A distofiya tambayar ba ta kaucuwa. Gwamnatin da ake siffantawa ta mallaki takarda da alƙalami da tarihi, tana ƙona abin da ba ta so, tana shafe sunan mutum har ya zama kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. A ƙasar Oshiniya ta Orwell, mutumin da aka kama yana rubuta tunaninsa a littafin sirri yana iya fuskantar kisa ko shekaru masu yawa a sansanin aikin dole. To, idan haka ne, wanzuwar labarin ita kanta wani lamari ne da ke neman bayani. Wa ya tsira har ya ba da shi? A wane harshe, tun da ana kashe harshen? Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cikin jerin abubuwan da suka sami Winston. Tana cikin tsarin littafin.

Ido ɗaya, kashi uku

Orwell ya rubuta mafi yawan littafin a tsibirin Jura na Sikotland yana fama da tarin fuka, aka buga shi a Landan a watan Yuni na 1949, shi kuwa ya rasu a Janairun 1950. Ya ba da labarin da wakilin suna na uku, amma ya ɗaure mai karatu a cikin kan Winston. Abin da Winston bai gani ba, mai karatu bai gani ba. Abin da Winston ya yi wa mummunar fahimta, mai karatu ma haka. Ko ranar da ya fara rubutu a littafin sirrinsa, 4 ga Afrilu 1984, shi kansa ba shi da tabbacin cewa shekarar ke nan.

Daga wannan ɗauri aka gina dukkan tarkon. Kashi na farko, mai babi takwas, ya nuna mutum shi kaɗai a cikin birnin da ake kallon kowa ta na'urar da ke manne a bango. Kashi na biyu ya buɗe masa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya: ga Julia, ga ɗaki a saman shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya, Mista Charrington, ga O'Brien, babban jami'in jam'iyya wanda ya nuna masa cewa shi ma ɗan tawaye ne. Kashi na uku, mai babi shida, ya ɗauko kowace ƙofa ya nuna cewa bakin rami ce. Dattijon ɗan sandan tunani ne. Hoton tsohuwar cocin da ke rataye a ɗakin, na'urar leƙen asiri ce ke bayansa. Mafarkin da Winston ya taɓa yi, inda wata murya ta yi masa alkawarin haɗuwa a wurin da babu duhu, ya tabbata a kurkukun da ba a kashe fitila dare da rana. Ɓeran da ya leƙo daga wani rami a ɗakin masoyan, ya sa Winston ya firgita, shi ne ya dawo a ɗaki mai lamba 101 a matsayin makamin da ya karya shi.

Mai karatu na farko yana ɗaukar kashi na biyu a matsayin labarin tawaye. Mai karatu na biyu, wanda ya san O'Brien ya ce ya shekara bakwai yana sa ido a kan Winston, yana ganin wani abu dabam: wasan kwaikwayo ne da jam'iyya ta tsara, ta ba Winston matsayin tauraro, ta tanadi ɗaki da littafi da abokin sirri. Ke nan a cikin labarin akwai wani marubuci na biyu, wato gwamnati. Da Orwell ya ba da babi ko da guda ɗaya ta idon O'Brien ko na Charrington, da abubuwan da suka faru ba su canza ba ko kaɗan, amma da littafin ya zama labarin farauta, mai karatu yana gefe yana tausaya wa abin da ake farauta. Da yake bai yi haka ba, an yaudari mai karatu tare da Winston, kuma wannan yaudara ita ce darasin. Taƙaitawa ba ta iya ɗauke da ita, domin mai taƙaitawa yana faɗin gaskiyar Charrington tun daga jimlar farko.

Littafin da aka katse

Wurin da masu karatu suka fi ƙorafi a kai shi ne kusa da ƙarshen kashi na biyu, inda labari ya tsaya cak, aka shiga dogon karatu daga haramtaccen littafin Emmanuel Goldstein, babban maƙiyin jam'iyya. Shafuka da yawa na bayani ne zalla a kan yaƙi, da rabuwar al'umma gida uku, da yadda ake sarrafa tarihi. Akwai masu ganin cewa a nan ɗan jarida ya rinjayi mai ƙagen labari. Kamfanin Book-of-the-Month Club na Amurka ma ya nemi a cire wannan sashe tare da ratayen kafin ya rarraba littafin, Orwell ya ƙi, duk da kuɗin da yake iya rasawa.

Ƙin nasa yana da hujja a cikin tsarin. Tun a kashi na farko Winston ya rubuta cewa ya gane yadda ake yin zaluncin, abin da bai gane ba shi ne dalilinsa. Littafin Goldstein ya yi ta bayanin yadda ake yi, wato abin da Winston ya riga ya sani, sai daidai inda zai faɗi dalilin, Winston ya lura Julia ta yi barci, ya rufe littafin. Da suka farka aka kama su. Amsar da aka jinkirta ta zo a kashi na uku, daga bakin mai azabtarwa: jam'iyya tana son mulki ne don mulki kawai. A nan ne kuma O'Brien ya ce yana cikin waɗanda suka rubuta littafin Goldstein ɗin. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ba a taɓa warware wa mai karatu ba.

Saboda haka tsawon sashen yana da aiki. Mai karatu ya zauna ya saki jiki kamar yadda Winston ya saki jiki, ya ɗauka cewa ya sami muryar da za a dogara da ita, sannan aka janye tabarmar. Wanda ya cire sashen domin labari ya yi sauri ya cire wa kashi na uku rabin ƙarfinsa.

Ratayen da muryar da ke cikinsa

Harshen da jam'iyya ke ginawa, wanda Orwell ya kira Newspeak, manufarsa ita ce rage kalmomi har tunanin tawaye ya rasa abin da zai sa a baki. Syme, masanin harshe abokin aikin Winston, yana cikin masu haɗa bugu na goma sha ɗaya na ƙamusun harshen, yana alfahari da yawan kalmomin da ake halakawa, kafin shi ma a wayi gari babu shi. Ratayen ya yi bayanin nahawun wannan harshe da rukunonin kalmominsa uku: na harkokin yau da kullum, na siyasa, da na kimiyya da fasaha.

Abin lura shi ne yadda aka rubuta shi. An yi shi da Ingilishi na yau da kullum, wanda ya kamata a ce ya mutu. An yi shi da shuɗaɗɗen lokaci, kamar yadda masanin tarihi ke bayanin abin da ya wuce. An ambaci shekarar 2050 a matsayin lokacin da aka yi hasashen sabon harshen zai maye gurbin tsohon, ba a ce hakan ta faru ba. Kuma tun a babin farko akwai ɗan bayani a ƙasan shafi da ke tura mai karatu zuwa ratayen, alamar cewa wani hannu ya bi ta kan labarin ya shirya shi. Margaret Atwood da Thomas Pynchon, kowanne a rubutun da ya yi a 2003, sun jawo hankali ga wannan, suka karanta shi a matsayin alamar cewa mulkin bai ɗore ba.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan karatu, kuma ya kamata a faɗe ta. Dukkan littafin da shuɗaɗɗen lokaci aka rubuta shi, kamar yawancin ƙagaggun labaran Ingilishi, don haka ratayen yana iya zama ya bi sahu ne kawai. Babu inda ya ce jam'iyya ta faɗi. Mai son bege yana iya ganin bege a inda marubuci ya bi al'ada kurum.

Sukar ta rage ƙarfin hujjar, amma ba ta kawar da ita ba. Shuɗaɗɗen lokaci a cikin ƙagen labari al'ada ce da ba a tambayar dalilinta. A rubutun bayani kuwa, mai siffanta harshen da ake magana da shi yakan yi amfani da lokaci na yanzu, kamar yadda kowane littafin nahawu ke yi. Sannan muryar ratayen ta san abin da Winston bai sani ba, tana kuma kiran manufar jam'iyya da sunanta ba tare da tsoro ba. Iyakar abin da za a iya tabbatarwa shi ne akwai wani wuri, ko wani zamani, da ake iya tsayawa a yi maganar Oshiniya daga waje. Wannan kaɗai ya isa ya canza ƙarshen, domin da'awar O'Brien ita ce babu wani waje kuma ba za a taɓa samu ba. William Labov ya nuna cewa labarin baka yakan rufe da wani ɗan sashe da ke dawo da mai sauraro daga lokacin labari zuwa lokacin da ake zaune, aikin da ƙurunƙus ke yi a tatsuniya. Ratayen shi ne ƙurunƙus na 1984. Ya kuma rufe da wani bayani da ya kamata ɗalibin harshe ya riƙe: wahalar fassara marubuta irin su Shakespeare da Milton da Swift zuwa sabon harshen ita ce babban dalilin da ya sa aka kai wa'adin har 2050.

Littattafai biyu sun nuna cewa wannan dabara ba ta Orwell kaɗai ba ce. Yevgeny Zamyatin, wanda Orwell ya karanta a fassarar Faransanci ya kuma yi sharhinsa a 1946, ya tsara nasa littafin a matsayin rubuce-rubuce arba'in na wani injiniya mai lamba D-503. A na ƙarshe, bayan an yi masa tiyatar cire tunanin ƙirƙira, salon rubutun ya bushe, mai karatu ya ga mutuwar mutumin a cikin jimlolinsa tun kafin a faɗa masa. Atwood kuwa, a The Handmaid's Tale na 1985, ta rufe da taron masana a shekarar 2195, inda aka bayyana cewa labarin Offred an same shi ne a kaset kusan talatin marasa lamba, kuma masanan ne suka jera su. Mulkin Gilead ya faɗi, amma jerin abubuwan da mai karatu ya ɗauka na matar ne, ashe wasu maza ne suka tsara shi, suna raha a kan wahalarta.

Inda mai fassara ya zama marubuci

Ga mai karatu a Nijar, wanda galibi ta Faransanci yake saduwa da Orwell, batun ya wuce nazari. Fassarar Amélie Audiberti ta 1950 ta bi shuɗaɗɗen lokaci, ita ce kuma ta ba Faransanci kalmar novlangue. A 2018 Gallimard ta fitar da sabuwar fassara ta Josée Kamoun, wadda ta mayar da labarin zuwa lokaci na yanzu, ta kuma sauya novlangue da néoparler. An yi ta muhawara a kan kalmar, alhali sauyin lokacin ya fi ta girma. Émile Benveniste ya nuna cewa passé simple lokaci ne na tarihi, wanda ke nesanta abin da ake faɗa daga mai faɗa. Lokaci na yanzu yana kawo tsoron kusa, kuma wannan riba ce ta gaske. Farashinsa shi ne babu sauran mai waiwaye a cikin labarin, ba wanda ke tsaye a bayan abubuwan yana kallonsu a matsayin abin da ya wuce. Ɗalibai biyu a aji ɗaya, ɗaya riƙe da Audiberti ɗaya da Kamoun, za su kawo taƙaitawa iri ɗaya, amma ba littafi ɗaya suka karanta ba.

A Hausa matsalar ta fi tsanani, kuma ta fi ban sha'awa. Orwell ba baƙo ba ne a harshen, tun da Bala Abdullahi Funtua ya fassara Animal Farm da sunan Gandun Dabbobi. Jikin labarin 1984 ba zai ba da wuya ba, domin Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci na biyu da take jera aukuwa da shi: sai ya tashi, suka fita, aka kama su. Ratayen ne zai tsayar da mai fassara. Yawancin jimlolinsa na siffantawa ne, kuma Hausa tana yin irin waɗannan da dirka, wato ne da ce, waɗanda ba sa ɗauke da lokaci ko kaɗan. Idan aka ce Zinder ce babban birnin ƙasa, jimlar ba ta nuna yaushe ba. Mai sauraro ne ke cike gurbin, domin ya san an mayar da mazaunin mulki Yamai a 1926. Mai karanta ratayen ba shi da irin wannan sani na waje game da Oshiniya. Abin da Ingilishi ya faɗa da siffar aikatau guda, dirka za ta haɗiye shi.

Hanyoyin da ke gaban mai fassara uku ne, kowace da abin da take jawowa. Idan ya bar dirka ita kaɗai, mai karatu zai ɗauka harshen yana nan daram, ƙofar da Orwell ya bari a buɗe ta rufe. Idan ya sa a da, ya yi shelar cewa mulkin ya faɗi, domin a da tana ɗauke da ma'anar cewa yanzu ba haka ba ne, wannan kuwa ya fi abin da Orwell ya faɗa. Idan ya fake da ya kasance, kamar yadda masu fassarar labaran rediyo suka saba, bai tsira ba, domin shuɗaɗɗen lokaci a kan aikatau na hali yakan nuna halin da ake ciki yanzu: wanda ya ce ya gaji ko ya tsufa, maganar yau yake yi. Mafi kusa da adalci shi ne a jingina jimlolin ga lokacin da ratayen da kansa ya ambata, a ce a lokacin, ko a shekarar 1984, a bar mai karatu ya ji tazarar ba tare da an faɗa masa abin da ya biyo baya ba. Ko wannan ma zaɓi ne, kuma ya dace mai fassara ya bayyana shi a gabatarwarsa.

Abin da wannan ke nema daga ajin adabi da na fassara ba shi da yawa. Kafin a tambayi ɗalibi me ya faru a littafi, a tambaye shi wa ke magana a shafin farko, wa ke magana a shafin ƙarshe, kuma ko mutum ɗaya ne. A ba shi sakin layi ɗaya na ratayen ya fassara zuwa Hausa sau uku, da dirka zalla, da a da, da a lokacin, sannan ya rubuta abin da ya sami jam'iyyar Big Brother a kowace fassara. Zai samu amsa uku, alhali bai ƙara wa labarin ko mutum ɗaya ba, bai kuma rage masa ko aukuwa ɗaya ba.